Yadda Ɗan Tayin Alade Ke Sanar da Uwarsa Zuwansa

 Darasin da na kawo muku a wannan fitowa daga gonar kwalejinmu ya taso, wata tambaya ce kuwa ta jawo shi. A cikin zangon karatun da ya wuce aka kai aladu mata uku barbara a rana ɗaya, muka rubuta ranar a littafin gona. Da aka yi kwana 21 sai ta fari ta koma neman namiji, kamar ba a taɓa kai ta ba. Ta biyu ta yi shiru har muka fara murna, amma ran kwana na 28 ita ma ta koma. Ta uku ce kaɗai ta riƙe cikinta, ta haifi 'ya'ya tara bayan kwana 114.

Da muka zo duba littafin nan a aji, sai wani ɗalibi ya ce, "Malam, ta farin nan mun gane, ba ta ɗauki ciki ba ne. To, ta biyun fa? Me ya tsare ta har mako guda? Kuma yaya ma jikin dabba ke sanin akwai ciki, alhali abin da ke cikin bai kai ƙwayar gujiya ba?" Na ce masa ya yi haƙuri, amsar ta fi ƙarfin darasi guda. To, yau ga ta.

Na sani da yawa cikinku ba su kiwon alade, ba kuwa za su yi ba. Amma kada wannan ya sa ku tsallake shafin. Masana sun zaɓi alade don binciken nan domin tana ɗaukar 'ya'ya da yawa gaba ɗaya, abin da ake nema ya fi sauƙin gani a jikinta. Wanda ya fahimci nata ba zai sha wuyar fahimtar na tunkiya da saniya ba, za mu kuwa zo kansu nan gaba.

Agogon kwana 21

Kafin mu san abin da ɗan tayi ke faɗi, sai mu san abin da zai faru in ya yi shiru. Aladiyar da ta balaga takan nemi namiji sau ɗaya kowane kwana 21. A lokacin nan gidan ƙwanta yakan saki ƙwai, misalin 15 zuwa 25. A kowane gurbin da ƙwai ya fita sai wani ɗan curin nama ya tsiro. Masana na kiransa kofus lutiyum, watau rawayan jiki da harshen Latin, mu kuwa a nan za mu riƙa ce masa rawayan curi. Aikinsa shi ne ya riƙa zuba wani sinadari cikin jini mai suna furojestaron. Sinadarin nan shi ke kwantar da mahaifa, ya sa ta tanadi abinci, ya kuma hana dabbar komawa neman namiji. A wajen alade, in aka rasa rawayan curin nan a kowane lokaci cikin kwana 114, cikin zai zube.

Mai rushe wannan curi kuwa ba kowa ba ne, mahaifar ce da kanta. Tun 1923 wani masani, Leo Loeb, ya lura in aka cire wa ɓeran Masar mahaifa, rawayan curinsa yakan daɗe bai mutu ba. Daga baya aka ga haka ga alade ma: in babu mahaifa curin yakan yi kwanaki kusan tsawon na ciki. A 1972 John McCracken da abokan aikinsa suka tabbatar a jikin tunkiya cewa abin da mahaifa ke aikawa shi ne furostagilandin F. A jikin alade, wajen kwana 14 zuwa 16 bayan barbara mahaifa takan zuba wannan sinadari cikin jijiyoyin jini kashi-kashi, ya isa gidan ƙwai, ya kashe curin. Furojestaron ya faɗi, sai dabbar ta koma neman namiji ran kwana na 21.

Kun ga ke nan mahaifa kamar mai masauki take, wadda ta share ɗaki ta shimfiɗa tabarma, amma ta yanke ranar da za ta naɗe ta in ba ta ji sallama ba. Ba ta da ido a ciki da za ta leƙa ta gani. In baƙon bai yi magana ba, ko yana nan zaune, za a naɗe tabarmar da shi. Wannan sallama ita ce Roger Short na Ingila ya ba suna a 1969, sunan da ma'anarsa ita ce yadda uwa ke gane ta ɗauki ciki.

Tafiyar ɗan tayi

Yanzu mu bi baƙon mu ga inda yake a kwanakin nan. Maniyyi da ƙwai suna haɗuwa ne a cikin bututun ƙwai. Bayan kamar kwana biyu ɗan tayin yakan gangaro cikin mahaifa yana da ƙwayoyin halitta huɗu tak. Wajen kwana 5 zuwa 6 ya zama 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki, kwana 6 zuwa 7 ya fasa ɓawon da ya lulluɓe shi ya fito.

Mahaifar alade rassa biyu gare ta, dama da hagu, kowane reshe yakan wuce mita ɗaya tsawo, a nannaɗe kamar hanji. Daga nan har zuwa kwana 12 'yan tayin suna yawo a cikin rassan nan. Na dama yakan ƙetara hagu, na hagu ya ƙetara dama, har su rarrabu kowa ya sami wurinsa. Su kuwa ba su da ƙafa. Bangon mahaifa ne ke matsawa yana tura su, su kuma suke zuga bangon da sinadaran da suke fitarwa. An gwada wannan da 'yan duwatsun roba: waɗanda aka jiƙa da sinadarin istirojin sun yi nisa cikin mahaifa fiye da waɗanda ba a jiƙa ba.

Ran kwana na 11 zuwa 12 abin mamaki ke faruwa. Ɗan tayin da ya kai kamar milimita 10, watau misalin ƙwayar gujiya, sai ya fara miƙewa. Ya zama kamar ƙwai, ya zama kamar bututu, sa'an nan ya zama zare. Rodney Geisert da abokan aikinsa sun auna saurinsa a 1982, suka samu yana ƙaruwa da milimita 30 zuwa 45 a kowace awa. Cikin 'yan awoyi kaɗan ya wuce santimita 15. Ba sababbin ƙwayoyin halitta ne ke kawo wannan tsawo ba, waɗanda ke nan ne suke sake tsari, kamar yadda mace ke jan auduga ta mai da ita zare. Kafin kwana 16 zaren nan yakan kusa mita ɗaya. Ainihin abin da zai zama ɗan alade ɗan ɗigo ne a tsakiya, sauran zaren duk rigar da za ta zama mabiyiya ce. Ba kuwa a miƙe yake kwance ba, yana bin lungu-lungun bangon mahaifa ne, don haka wurin da ya ci bai kai tsawonsa ba.

Mene ne amfanin wannan miƙewa? Amfaninta biyu ne. Na fari, kowane ɗan tayi yana kama filin da zai ci abinci a kai har haihuwa. Na biyu, yana taɓa bango mai yawa, domin saƙonsa ya game ko'ina.

Saƙon farko

A 1973 wasu masana uku, Perry da Heap da Amoroso, da ke aiki a Babraham kusa da Kambirij, suka nuna cewa ɗan tayin alade da kansa yake ƙera istirojin. Kafin nan, tun 1955 an lura a Wiskonsin ta Amurka cewa in aka yi wa aladiya allurar istirojin a tsakiyar kwanakin nan 21, rawayan curinta yakan ƙara kwana. Da aka haɗa wannan da wancan sai hanya ta fara buɗewa.

Amma akwai abin da ya ɗaure wa mutane kai. Mahaifar aladiya mai ciki ba ta daina yin furostagilandin F ba, tana yinsa da yawa ma. To, me ya hana shi kashe curin? A 1977 Fuller Bazer da William Thatcher na Jami'ar Fulorida suka kawo amsa. Suka ce istirojin ɗin ɗan tayi juya akalarsa yake yi. Maimakon mahaifa ta zuba shi waje cikin jijiyar jini ya tafi gidan ƙwai, sai ta zuba shi ciki, cikin kogonta, inda zai zauna har a lalata shi. Ku ɗauki misalin mai lambu da ke ban ruwa. Ba ya hana rijiya ba da ruwa, da fartanya yake toshe wannan hanya ya buɗe waccan, ruwan ya bi inda yake so.

Akwai kuma mataimaki. Masana da dama, cikinsu har da Adam Ziecik da Agnieszka Waclawik na Olsztyn a ƙasar Folan, sun nuna cewa ɗan tayi da mahaifa suna ƙara yin wani ɗan'uwan furostagilandin F, wanda ake kira furostagilandin E. Su biyun tushensu ɗaya, amma aikinsu kishiyar juna ne: F na rushe curi, E na kare shi. Istirojin na sa mahaifa ta karkata wajen yin E.

Ku lura da lokaci, don a nan darasin yake. Rawayan curin alade ba ya jin furostagilandin F sosai kafin kwana 12, daga nan ne yake fara jinsa. Mahaifa kuwa tana fara aika shi da ƙarfi wajen kwana 14. Ashe ƙofar da ɗan tayi zai yi sallama 'yar ƙarama ce, kwana 11 zuwa 12. Ba kuma sau ɗaya yake yi ba. Bayan istirojin na fari ya lafa, sai na biyu ya taso daga wajen kwana 15 ya ci gaba har kusan kwana 30. An gwada da allura a jikin aladun da ba su da ciki. In an ba su na farin kaɗai, sukan ƙara 'yan kwanaki su koma neman namiji. In an ba su na fari da na biyu, sukan wuce wata biyu jikinsu na zaton akwai ciki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ga wani abin lura kuma. Ɗan tayi ɗaya ba ya iya riƙe cikin alade. Christopher Polge da abokan aikinsa a Ingila sun nuna a 1966 cewa in 'yan tayi ba su kai huɗu ba a kwanakin nan, da wuya cikin ya tsaya. Dhindsa da Dziuk a Amurka suka nuna a 1968 cewa sai an same su a rassan nan biyu duka. Dalili a fili yake. Duk yankin mahaifar da zaren ɗan tayi bai taɓa ba bai ji saƙo ba, zai ci gaba da zuba furostagilandin F cikin jini, wannan kuwa ya isa ya rushe curin dama da na hagu. Amma in an wuce wannan mataki, ko da wasu sun mutu daga baya, sauran sukan kai haihuwa. Shi ya sa wani lokaci za ku ga aladiya ta haifi biyu ko uku kurum.

Mannewa da sauran manzanni

Daga kwana 13 zuwa 18 zaren yakan manne da bangon mahaifa. Ɗan tayin mutum huda bangon yake yi ya nutse ciki. Na alade ba ya huda kome, fata ce ke kwantawa kan fata su sarƙe kamar yatsun hannu biyu. Ba don ba shi da ƙarfin hudawa ba ne. An gwada dasa shi a wani wuri cikin jiki da ba kogon mahaifa ba, ya kuwa kutsa cikin nama. Mahaifar ce ke fitar da sinadaran da ke dakushe masa makami.

Da yake bai taɓa jinin uwa kai tsaye ba, abincinsa na fari wani ruwa ne da 'yan maɓuɓɓugan bangon mahaifa ke tsatsowa, wanda akan kira nonon mahaifa. Furojestaron ke sa a tanade shi, istirojin ɗin ɗan tayi kuwa ke sa a sako shi. A cikin ruwan nan akwai wani sinadari mai launin shunayya, yutarofarin, wanda ke kai wa ɗan tayi ƙarfen da zai gina jininsa. Istirojin kuma na sa bangon ya fitar da ostiyofontin, wani sinadari mai aiki kamar ƙaro tsakanin fatun nan biyu.

Ban da istirojin, ɗan tayin na da waɗansu manzanni. Ɗaya shi ne intalukin 1B2, wanda yake yi da yawa daidai lokacin miƙewa, sa'an nan ya daina. Wani kuma shi ne intafiron, iri biyu, gamma da dalta, waɗanda Claude La Bonnardière da abokan aikinsa suka bayyana a Faransa. Ana yinsu daga kwana 12 zuwa 20, sun fi yawa ran 15 da 16. A sauran jiki, intalukin da intafiron kayan yaƙi ne da cuta. A nan kuwa ɗan tayi na amfani da su ya yi magana da sojojin jinin uwarsa. Ku tuna rabin gadonsa na uba ne, watau baƙo ne a jikinta, dole a sasanta shi da masu gadi.

Gwajin da ya gyara littafi

Shekara arba'in ana koyar da cewa istirojin shi kaɗai ne saƙon ciki a wajen alade. Ni ma haka aka koya mini. Sai aka sami wata dabara mai suna CRISPR, wadda ke aiki kamar almakashi, a yanke ƙwayar gado guda ɗaya a bar sauran. Masana a Jami'ar Misuri ta Amurka, tare da Geisert ɗin nan da na ambata, suka riƙa toshe bakin manzannin ɗan tayi ɗaya bayan ɗaya, su dasa shi a mahaifa, su ga abin da zai faru.

A 2018 suka ba da labarin 'yan tayin da aka hana yin intalukin 1B2. Sun girma har matsayin ƙwallo, amma sun kasa miƙewa su zama zare.

A 2019 aka zo kan istirojin. Aka yanke ƙwayar gadon aromatas, watau maƙerin da ke ƙera shi. Kowa na tsammani dabbar za ta koma neman namiji ran kwana na 21. Ina! 'Yan tayin suka miƙe, suka manne, rawayan curi bai mutu ba. Sai wajen kwana 30 cikin ya zube.

A 2020 aka yanke ƙwayar gadon da ɗan tayi ke yin furostagilandin da ita, aka bar masa istirojin. Cikin ya tsaya, aka duba a kwana 35 aka same shi lafiya.

A 2021 aka hana su yin intafiron gamma. Sun miƙe, amma kafin kwana 17 sun fara ruɓewa, bangon mahaifa kuwa ya kumbura.

Me muka koya? Wajen tsare rawayan curi ɗan tayi ba manzo ɗaya ya aika ba. In babu istirojin akwai wanda zai tsaya masa, mafi ƙarfin zato furostagilandin E ne. In babu furostagilandin ɗinsa, istirojin zai isar. Amma akwai ayyukan da ba mai yi wa wani: miƙewa sai da intalukin, zaman lafiya da sojojin jini sai da intafiron, wuce wata guda sai da istirojin. Ku da za ku zama malamai ku riƙe wannan. Bazer da Thatcher ba su yi ƙarya ba, sun faɗi iyakar abin da kayan aikin zamaninsu suka nuna. Da aka sami sabon kayan aiki aka ƙara haske. Ku koyar da abin da ke littafi, amma ku bar masa ƙofa a buɗe.

Saƙon da ya riga lokacinsa

Mun ga abin da ke faruwa in saƙo ya makara ko ya yi ƙaranci. In ya zo da wuri fa? Nan ma ɓarna ce. An gwada yi wa aladu masu ciki allurar istirojin ran kwana 9 da 10, watau kwana biyu kafin lokaci. Mahaifa ta ɗauka baƙo ya iso, ta sako abinci, ta sake shirin bangonta. Da 'yan tayin suka zo mannewa sai suka tarar an riga an tashi kasuwa, suka mutu wajen kwana 15 zuwa 18.

Irin wannan na faruwa tsakanin 'yan ciki ɗaya ma. Ƙwai ba a minti ɗaya suke fita ba, don haka waɗansu 'yan tayi sukan riga waɗansu da 'yan awoyi. Waɗanda ke gaba su miƙe, su fitar da istirojin, mahaifa ta sake hali, na baya su tarar da wurin da bai dace da su ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa misalin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na 'yan tayin alade ke mutuwa kafin kwana 30. Akwai wani irin alade na ƙasar Sin, Meishan, wanda ya fi aladun Turai 'ya'ya da uku ko huɗu a kowace haihuwa. Da aka bincika sai aka ga 'yan tayinsa sun fi ƙanƙanta, istirojin ɗin da suke fitarwa bai kai na sauran ba, mabiyiyarsu ƙarama ce amma cike da jijiyoyin jini. Watau ba su cika damun juna ba.

Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne hunhuna. Akwai wata hunhuna mai suna Fusarium da ke kama masara da sauran hatsi in sun sha laima, tana kuwa yin wata guba, ziyaralinon, wadda jiki ke ɗauka tamkar istirojin. Alade ya fi sauran dabbobin gida jin wannan guba. In aladiya ta ci irin masarar nan a mako na biyu bayan barbara, mahaifarta ta sami saƙon ƙarya kafin na gaskiya. In kuwa ba ta da ciki, tana iya yin makonni ba ta nemi namiji ba, mai ita na ta ciyar da ita yana jiran haihuwar da ba ta zuwa. Mu da ke zaune inda ruwan sama ya yi yawa, rumbu ba ya bushewa, wannan ba labarin nesa ba ne.

Tunkiya da saniya da mutum

Matsalar ɗaya ce ga dukansu, watau a tsare rawayan curi, amma kowa da dabararsa. Ɗan tayin tunkiya da na akuya da na saniya yana fitar da wani irin intafiron da ake kira tau. Godkin da Bazer da Michael Roberts suka ware shi daga ɗan tayin tunkiya a 1982, a 1987 aka gane intafiron ne. Shi ba ya juya hanyar furostagilandin F, hana mahaifa aika shi kashi-kashi yake yi. Lokacinsa wajen kwana 12 zuwa 13 ne ga tunkiya, 16 zuwa 17 ga saniya. Ɗan tayin mutum kuwa yana zuba wani sinadari cikin jinin uwa, hCG, wanda ke zuwa gidan ƙwai kai tsaye ya raya curin. Shi ne abin da ake nema a fitsari sa'ad da ake gwajin ciki a asibiti.

Mu koma ga aladunmu uku

Yanzu ɗalibina na iya karanta littafin gona da kansa. Wadda ta koma ran kwana na 21 mahaifarta ba ta ji kome ba: ko ba ta ɗauka ba, ko 'yan tayin sun mutu kafin kwana 12, ko kuwa sun yi kaɗan. Wadda ta koma ran kwana na 28 ta ji sallama ta fari, ta tsare curi, amma saƙo na biyu bai zo ba domin 'yan tayin sun mutu a tsakani. Watau ta ɗauki ciki, ɓari ta yi, jiki ya shanye abin ba wanda ya gani. Ta uku ta ji duka biyu a kan lokaci.

Saboda haka mai kiwo ya riƙe abu huɗu. Ya rubuta ranar barbara, don in babu kwanan wata ba zai bambanta ta fari da ta biyu ba. In dabbobinsa na komawa tsakanin kwana 18 da 24, ya fara duba namijin da lokacin barbara, in kuwa suna komawa bayan kwana 25, ya duba abin da ke samunsu bayan barbara. Kada ya haɗa su da baƙin dabbobi su yi ta faɗa, ko ya ɗora su a mota, a cikin watan farko, ya kuma ba su inuwa da ruwa lokacin zafi. Masarar da ta yi hunhuna kuwa a zubar da ita, asarar buhu ɗaya ta fi asarar haihuwa guda sauƙi.

Aikin aji

Ga yadda nakan nuna wa ɗalibai, ku ma kuna iya yi a makarantun da za a tura ku. Ku ba kowane yaro curin auduga kamar ƙwayar gujiya, ya ja shi ya murza har ya zama zare, ba tare da ya ƙara auduga ba. Sa'an nan ku tattare tsumma ya yi lungu-lungu, ku bi lungun da zare mai mita ɗaya, su ga yadda dogon abu ke zama a gajeren wuri. Daga nan ku zana layi a allo daga 0 zuwa 30, su sa alama a kwana 2, da 7, da 12, da 15, da 18, da 21, kowa ya faɗi abin da ke faruwa a ranar.

Tambayoyi

1. Wane sinadari ne ke rushe rawayan curi, daga ina yake fitowa?
2. Me ya sa 'yan tayi biyu a reshe ɗaya ba su iya riƙe cikin alade?
3. Gwajin 2019 ya gyara wane zance ne da aka daɗe ana koyarwa?
4. Akuyar maƙwabcinka, wadda ita ma kwananta 21 ne, ta koma neman bunsuru kwana 30 bayan barbara. Me za ka gaya masa?

Wanda ya amsa ya kawo mini takardarsa ofishin gona kafin ƙarshen wata, wadda ta fi kyau za mu roƙi edita ya buga ta a fitowa mai zuwa. Ku huta lafiya.

Malamin Aikin Gona